Yadda Ake Koyarwa a Dandalin Taimakon Jinga na Intanet Daga Saudiyya

Ƙarfe tara na daren Lahadi a New York ƙarfe huɗu ne na asubahin Litinin a Makka, ko biyar idan lokacin sanyi ne. A wannan lokacin ɗaliban jami'o'in Amurka ke rige-rigen gama jingar da wa'adinta zai cika 11:59 na dare, tambayoyi kuma na ta kwarara a dandalin taimakon karatu. Mai zama a Sharar Mansur ko Karantina ta Jidda, in yana da ilimin lissafi ko akanta ko Larabci, yana iya samun rabonsa a wannan kasuwa. Sai dai ba da rajista ake farawa ba. Mafi yawan waɗanda suka sha wahalar banza sun buɗe asusu ne, suka yi aikin wata guda, sannan suka gano ba su da hanyar cire kuɗin.

Ka fara da takardar da ke aljihunka

Idan kai ɗan ƙasa ne mai hawiyya (katin shaidar ɗan Saudiyya), hanyarka a share take. Ma'aikatar Albarkatun Ɗan Adam da Ci Gaban Al'umma tana bayar da wasiƙar aikin kai, wadda ake kira wasiƙatul amalil hurr. Ana nemanta a intanet, a shiga ta Nafath (manhajar gwamnati ta tantance mutum), a zaɓi sana'a, a ɗora shaidar ƙwarewa. Shekara ɗaya take yi sannan a sabunta. Amfaninta shi ne ranar da banki ya tambaye ka daga ina dalolin nan ke shigowa, kana da abin nunawa. Malamin makarantar gwamnati ya fara duba ƙa'idar wurin aikinsa game da darasi na kuɗi.

Mai igama (takardar izinin zama ta baƙo) kuwa lamarinsa daban ne, kuma ba za mu sassauta maganar ba. Sashe na 39 na dokar kwadagon Saudiyya ya hana baƙo yin aiki ga wanin kafil ɗinsa (wanda ya ɗauki nauyin zamansa) ko yin aikin kansa ba tare da bin ƙa'ida ba. Hukuncin mai aikin kansa yana farawa daga tara da tarhil (mayar da mutum ƙasarsa), in an maimaita tarar na iya kaiwa riyal 50,000 da ɗaurin wata shida. Igamar ɗalibin Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura ta karatu ce, haka ta matar aure ko ɗan da ke ƙarƙashin mahaifinsa ta rakiya ce. Kada ka ɗauki fatawar zauren shayi cewa "ai kamfanin a waje yake, ba ruwan kowa". Ka tambayi ofishin kula da ɗaliban waje na jami'arka, ko ma'aikatar kwadago, ko lauya, ka sami amsa a rubuce. In amsar a'a ce, ba asara ka yi ba: ka haɗa takardu, ka gwada hannunka a tambayoyi, ka ajiye sana'ar sai ka koma gida hutu ko ka kammala.

Wanda igamarsa ta mutu ko ba shi da ita ba zai iya buɗe asusun banki ba, kuma dandali ba zai tantance shi ba. Aron sunan ɗan'uwa jefa ɗan'uwan ne cikin rigima.

Hanyar kuɗi, tun kafin aiki

Mafi yawan dandalin ƙasashen waje suna biya ta PayPal ko Payoneer, wasu ta Wise ko kai-tsaye zuwa banki. Ka shiga shafin biyan kuɗi na dandalin da kake so, ka ga wace hanya suka yarda da ita ga mazaunin Saudiyya, ka buɗe ta, ka haɗa ta da asusunka na Rajhi ko Ahli ko duk bankin da kake. Lambar IBAN ta Saudiyya tana farawa da SA, haruffa da lambobinta 24 ne. Kwafo ta daga manhajar bankin, kada ka buga da hannu.

Abin da ya fi riƙe kuɗin mutanenmu shi ne suna. Fasfo ya ce Usman Abubakar, igama ta ce Othman Abu Bakr, takardar digiri ta ce Uthman A. Bakar, dandali kuma ka rubuta masa Malam Usman. A wajen na'urar tantancewa mutum huɗu ne. Zaɓi rubutun da ke jikin katin shaidar da za ka ɗora, ka yi amfani da shi harafi da harafi a dandali, a Payoneer, a ko'ina. In bankinka na da wani rubutun daban, je reshe a daidaita tun kuɗi bai taho ba.

Kamfanonin Amurka za su ba ka fom mai suna W-8BEN, na shaidar cewa kai ba mai biyan harajin Amurka ba ne. Cikin abin da yake so akwai sunanka, ƙasarka da adireshinka na gaskiya. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, don haka lissafinka ba ya rawa kamar na mai karɓar naira. Duk da haka ba 3.75 cif za ta iso hannunka ba, domin mai tura kuɗin yana yankar nasa a canji, wani lokaci da kuɗin cirewa na dindindin. Saboda haka tara kuɗi ka cire sau ɗaya a wata ya fi cire dala ashirin-ashirin.

Dandali ba iri ɗaya ba ne

Akwai masu biya a kan kowace tambaya: ɗalibi ya ɗora tambaya, ta shiga layi, malami ya ɗauka ya amsa cikin ƙayyadajjen lokaci. Chegg da Course Hero da wannan tsari suka yi suna. Akwai na tayi, irin Studypool, inda ɗalibi ke faɗin kuɗinsa da wa'adinsa, malamai su taya, ya zaɓi ɗaya. Sai na darasin kai-tsaye ta bidiyo, irin Preply da italki. A ɓangaren Larabci akwai Khamsat da Mostaql na aikin kai gaba ɗaya, da AlGooru da ke haɗa malamai da ɗalibai a cikin Saudiyya. Wyzant kuwa mazauna Amurka kawai yake ɗauka, kada ka ɓata lokacinka.

Ra'ayinmu a fili: iri na farko kasuwa ce mai mutuwa. ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamba 2022. A watan Mayu 2023, bayan shugabannin Chegg sun amsa cewa yana janye musu sababbin ɗalibai, darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi kusan rabi a rana ɗaya, daga baya kuma aka yi ta rage ma'aikata. Dalili a bayyane yake. Ɗalibin da amsa tsurarta yake so yanzu yana samu kyauta cikin daƙiƙa goma. Wanda har yanzu ke fitar da kuɗi shi ne wanda ya karanta amsar na'ura bai gane ba, ko ya gane cewa ta yi masa ƙarya, ko yake da jarrabawa gaba da ba waya a ɗakin. Wannan mutum bayani yake saya. Don haka ka ɗauki dandalin tambaya a matsayin wurin wasa wuƙa da samun na cefane, ka gina sana'arka a kan ɗaliban da za su riƙa dawowa gare ka duk mako.

Kafin ka yi rajista a ko'ina, karanta sharuɗɗansu ka nemi abu huɗu: ƙasashen da suke karɓa, kamashonsu, mafi ƙarancin kuɗin da ake iya cirewa, da abin da ke faruwa in ɗalibi ya ce bai gamsu ba. Duk dandalin da ya ce ka biya kuɗin rajista ko na "buɗe manyan tambayoyi", bar shi.

Fanni ɗaya, in ya yi yawa biyu

Sabon shiga yakan yi alama a fanni goma don tambayoyi su yawaita. Abin da ke biyo baya shi ne ya ɗauki tambayar kemistiri da ya rabu da ita tun sakandare, ya sami tauraro ɗaya, taurarin su ja shi ƙasa har a fannin da ya iya. Zaɓi abin da za ka iya warwarewa a allo ba littafi a hannu. Aljabara, kalkulas, ƙididdiga, fiziks, akanta da rubuta manhajar kwamfuta ba sa rasa masu nema.

Mazaunin ƙasar nan yana da jarin da ɗan Indiya ko ɗan Kenya ba shi da shi. Nahawu da sarfu, tajwidi, Larabcin Hijaz na magana da ma'aikatan waje ke nema, jarrabawar Ƙudurat da Tahsili da kowane ɗan sakandaren Saudiyya ke shiryawa kafin jami'a, har da Hausar kanta ga yaran da aka haifa a Turai da Amurka. Mata kuma su sani akwai iyaye masu yawa da ba sa yarda namiji ya koyar da 'yarsu, kuma malama mai lissafi da Larabci tare ba ta da yawa.

Kayan aiki

Kwamfutar cinya, ko ta hannu ce daga Haraj, muddin tana ɗaukar bidiyo ba ta sandarewa. Waya kaɗai ba ta isa. Abin kunne mai makirufo a jiki, domin makirufon kwamfuta yana kwashe ƙarar mukayyif ya kai wa ɗalibi. Allon rubutu na lantarki mai alƙalami, irin ƙananan Wacom, Huion ko XP-Pen da ake samu a Jarir. Rubuta lissafi da linzamin kwamfuta azaba ce gare ka da ɗalibin. Gwada intanet ɗinka a Speedtest a daidai lokacin da za ka riƙa aiki, ka dubi saurin turawa, ba na saukewa kawai ba; megabit 5 a turawa ya wadatar da darasin bidiyo. Ajiye layi na biyu na wani kamfani daban, in gida STC ne waya ta zama Mobily ko Zain. Haske ya fuskance ka, kada taga ta kasance a bayanka. Desmos da GeoGebra kyauta ne don zana jadawalin lissafi.

Rajista da jarrabawar shiga

Za a nemi hoton katin shaida, hoton fuskarka da takardar karatu. Ɗauki hoton kati a kan tebur mai duhu, kusurwa huɗu duk su fito, ba walƙiyar fitila a kan rubutun. Takardar da ke Larabci a kai ta ofishin tarjama mai lasisi a fassara ta da hatimi. Kashe VPN kafin ka fara kuma kada ka sake kunna shi a kan wannan asusu: adireshi ya ce Jidda, intanet ya ce Holan, wannan kaɗai ya isa a rufe ka da kuɗinka a ciki. Sayen tsohon asusu mai taurari a hannun dillalan Telegram shi ma haka ne. Ranar da aka ce mai asusu ya nuna fuskarsa a kyamara, magana ta ƙare.

Jarrabawar fanni mai ƙidayar lokaci ce, kuma ba ko'ina ake ba da dama ta biyu nan take ba. Kada ka buɗe ta minti goma kafin kiran salla.

Ga wanda ya yi karatu a makarantar gwamnati ta Saudiyya akwai shiri na musamman. Ka saba da lissafi daga dama zuwa hagu, da sin da sad a maimakon x da y, da ja, jata da za a maimakon sin, cos da tan. Biyar ɗinka ta Larabci kama take da sifirin Bature, sifirinka kuma ɗigo ne da zai ɗauka alamar desima. Ɗauki mako biyu kana warware tambayoyin da ka riga ka iya da rubutun Turanci har hannunka ya daina komawa dama. Wanda ya zo da WAEC daga gida kuma yake son koyar da yaran Saudiyya, shi aikin nasa akasin haka ne.

A bayanin kai, bar "ƙwararren malami mai son ɗalibai", kowa haka ya rubuta. Faɗi abin da kake koyarwa, ga wa, da yadda darasi ke tafiya. Bidiyon gabatarwa kada ya wuce minti biyu, a kwance ba a tsaye ba, ba lambar waya a ciki, kuma ka koyar da ƙaramin abu ɗaya a ciki don a ji yadda kake bayani.

Daga ganin tambaya zuwa miƙa amsa

Nan ne sana'ar take, don haka bari mu tsaya.

Karanta tambayar har ƙarshe, ka buɗe duk abin da aka maƙala, kafin ka taɓa maɓallin karɓa. Sau da yawa kan tambayar zai ce "taimako kaɗan a ƙididdiga", cikin fayil kuma tambayoyi goma sha biyu ne da tebur mai layi 300. Duba ko hoton ya yanke wani sashe, ko an ce "yi amfani da jadawalin shafi na 4" alhali ba a haɗo shi ba. In akwai giɓi ka tambaya kafin ka karɓa, domin da ka karɓa agogo ya fara, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tambayi ɗalibin wace hanya malaminsu ya koyar. Amsa daidai ta hanyar da ba a kai ba a aji ba ta amfane shi.

Duba wa'adi da idon basira. Ba'amurke yana fara rubuta wata kafin rana, don haka 03/04 a wurinsa 4 ga Maris ne. Saudiyya ba ta canza agogo, su kuwa suna canzawa ranar Lahadi ta biyu a Maris da Lahadi ta farko a Nuwamba, shi ya sa tazararka da New York ke sauyawa tsakanin awa 7 da 8, da Kalifoniya tsakanin 10 da 11. Sa agogon garuruwan a wayarka. Ƙiyasta lokacin aikin, ka ƙara rabinsa a kai, in bai shiga wa'adin ba ka bari.

Ga misali. Ɗalibi ya turo: mota na gudun mil 60 a awa, direba ya taka birki, ta tsaya cak cikin daƙiƙa 4 da raguwar gudu iri ɗaya, ƙafa nawa ta ci kafin ta tsaya? Mai gaggawa zai raba 60 biyu ya ninka da 4 ya rubuta 120. Wanda idonsa ya saba da kilomita zai karanta 60 a matsayin kilomita ya fito da mita 33. Duka biyun sun faɗi. Amsa mai kyau tana tafiya haka: a fara jera abin da aka bayar da abin da ake nema. A mayar da gudun zuwa ƙafa a daƙiƙa, a nuna yadda aka yi: mil ɗaya ƙafa 5,280 ne, awa ɗaya daƙiƙa 3,600, don haka 60 × 5,280 ÷ 3,600 = 88. A faɗi dalilin da ya sa za a ɗauki matsakaicin gudu, wato tun da raguwar iri ɗaya ce, matsakaicin 88 da 0 shi ne 44. Sai 44 × 4 = ƙafa 176. Sannan a tabbatar ta wata hanya: raguwar gudu 88 ÷ 4 = 22, kuma 88² ÷ (2 × 22) ya sake ba da 176. A rufe da layi ɗaya na gargaɗi, cewa kuskuren da aka fi yi a irin wannan tambaya shi ne haɗa awa da daƙiƙa a lissafi ɗaya. Wannan layin na ƙarshe shi ke sa ɗalibi ya nemi sunanka a karo na gaba.

Irin waɗannan ramukan suna da yawa, kuma kusan kullum su ne dai. Kalkuleta na kan radiyan alhali tambayar digiri ce, sai sin 30 ya ba ka −0.988 maimakon 0.5. Jan ƙasa 9.8 ne a mita, 32.2 a ƙafa. A ƙididdiga, wajen lissafin standard deviation, samfuri ana rabawa da n−1, jama'a duka da n. A Excel STDEV.S da STDEV.P ke nan, kuma musanya su yana canza amsa. Kada ka taƙaita lamba a tsakiyar lissafi, bari sai ƙarshe, domin manhajojin da ke duba jinga suna ƙin amsar da ta kauce ko da kaɗan.

In da hannu ka rubuta, yi da baƙin biro a farar takarda mara layi, ka ɗauka da manhajar sikana, ka haɗa shafukan a PDF ɗaya a jere. Wasu dandalin bugaggen rubutu kawai suke karɓa, saboda haka koyon ɗan LaTeX (tsarin buga lissafi a kwamfuta), ko da na rubuta kaso, tushe da alamar jimla ne, aikin yamma ɗaya ne mai amfani.

Game da ƙirƙirarriyar basira: yi amfani da ita wajen duba aikinka in dokar dandalin ta yarda, amma kada ka kwafo amsarta ka miƙa. Tana iya jera matakai masu kyan gani ta tuntsure a na uku ba tare da muryarta ta canza ba, dandali da dama kuma suna korar wanda aka kama. Kwafo daga wani shafi ma satar fasaha ce, Turnitin da ire-irensa na gano ta.

Bayan ka miƙa, zauna kusa na ɗan lokaci. Tambayar "ban gane mataki na biyu ba" takan zo cikin minti goma sha biyar, kuma saurin amsa ta shi ke raba tauraro biyar da uku. In kai ka yi kuskure, gyara nan take ka faɗa. In ɗalibi ya ƙaro sabuwar tambaya da sunan gyara, gaya masa cikin ladabi cewa wannan sabon aiki ne.

Darasin bidiyo

Darasin gwaji ba wurin nuna ilimi ba ne. Minti goma na farko tambaya ce: wane aji, wane littafi, yaushe jarrabawa, ina ya maƙale. Ba shi tambaya ɗaya ya warware kana kallo, don a nan za ka ga ainihin ciwon. Wanda ya ce kalkulas ke ba shi wuya sau da yawa aljabararsa ce ta rube. Koyar da abu ɗaya har ya iya da kansa, sannan ka gaya masa abin da za ku yi a darussa huɗu masu zuwa. In kai ne ke magana fiye da rabin lokacin, lacca kake yi.

Toshe lokutan salla a jadawalinka, ka tuna suna matsawa da yanayi: Magariba a Makka tana kaiwa wajen bakwai a tsakiyar zafi, ta dawo kafin shida a sanyi. Gyara jadawalin Ramadan da na aikin Hajji tun da sauran mako biyu, ka sanar da ɗalibanka, domin soke darasi a ƙurarren lokaci yana rage maka matsayi a jerin malamai. In yaro ne ƙarami, magana ta tsaya a cikin dandali, uwa ko uba su san lokacin darasi.

Inda taimako ya ƙare, maguɗi ya fara

Za a zo maka da shi, tun a makon farko. "Ga sunana da kalmar sirrina, shiga ka yi min jarrabawar." Ko hotuna su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da "cikin minti goma don Allah", a saman hoton kana hango agogon jarrabawa na ƙirgawa. Ko a ce ka rubuta maƙala mai shafi goma da za a miƙa da sunan wani. Kuɗin irin wannan ya fi na halal tsoka, shi ya sa yake jan mutane.

Hukuncinsa a addini ba ɓoyayye ba ne, hadisin da ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu kowa ya san shi. A doka ma ƙasashe sun fara ɗaure shi: Ostireliya ta haramta sayar da irin wannan aiki a 2020 da hukuncin da ke kaiwa ɗaurin shekara biyu, Ingila ta bi sahu a 2022. Ta fuskar sana'a kuma, wanda ka yi wa maguɗi ya riƙe ka a hannu. Yana iya karɓar aikin ya ce bai gamsu ba, ba ka da bakin kai ƙara. Ma'auni mai sauƙi: in abin da ka ba shi zai sa ya iya warware irin tambayar gobe ba kai, koyarwa ce. A maƙala, ka taya shi tsara tunani, ka nuna masa inda hujjarsa ta yi rauni, ka koya masa tsarin kawo madogara na APA ko MLA, amma jimlolin su zama nasa. In ka ƙi, ƙi a rubuce a cikin dandali don ya zama shaida.

Haka nan mai cewa ku koma WhatsApp don ku tsere wa kamasho. Dandali na karanta saƙonni kuma yana kora a kan haka. A waje kuma ba mai tsaya maka: mai biya ta PayPal yana da kwana 180 na buɗe ƙorafi. Duk "ɗalibi" ko "ma'aikacin dandali" da ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, ko ka amince da buƙata a Nafath da ba kai ka fara ta ba, ɓarawo ne.

Lissafin awa

Kada ka auna samunka da farashin da ke allo. Preply yana ɗauke kuɗin darasin gwaji na kowane sabon ɗalibi gaba ɗaya, sannan kamashonsa ya fara daga kashi 33 cikin ɗari, yana sauka har 18 bayan ka haura awa 400. In ka sa dala 12 a darasi, a farko dala 8.04 ce taka, wajen riyal 30. A ƙarshen tsani 9.84, kusan riyal 37. In ka yi gwaji goma mutum uku suka zauna, gwaji bakwai sun tafi a iska, shi ya sa riƙe tsohon ɗalibi ya fi farautar sabo riba.

A dandalin tayi, a ƙaddara ka ci aikin dala 20, dandali ya ɗauki rubu'i, saura 15. Ka yi awa biyu kana warwarewa, rabin awa a gyara, wata rabin awa kana taya ayyukan da ba ka samu ba. Dala 5 ke nan a awa, ƙasa da riyal 19, ba a cire kuɗin canji da na intanet ba. Buɗe tebur a Excel mai gida biyar: rana, aiki, mintunan da ya ci, abin da ya shigo hannu, da taurarin da aka ba ka. Bayan wata guda za ka ga wane irin tambaya ke biyan wahalarsa, ka daina taɓa sauran. Sabon shiga na iya sassauta farashi har ya tara sharhi goma na farko, daga nan ya ɗaga wa sababbin ɗalibai, tsofaffi ya ba su sanarwar wata guda.

Kasuwar tana da kaka da rani. Zangon jami'o'in Amurka yana tashi daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Disamba, sai Janairu zuwa farkon Mayu, kuma aiki ya fi yawa a makonnin jarrabawar tsakiya da ta ƙarshe. Daga Yuni zuwa tsakiyar Agusta layin tambayoyi yakan bushe. A waɗannan watannin ne ɗaliban Larabci da Alƙur'ani, waɗanda karatunsu ba ya bin zangon jami'a, ke riƙe maka jadawali, don haka ka fara neman su tun Afrilu.